Watan Ƙaramar Sallah: Fa'idodi da Illolin Shagalinsa

Hutun da gwamnati take bayarwa na Ƙaramar Sallah kwana biyu ne, in an yi sa'a uku. Amma wannan lissafin ofis ne. A Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato, har Maraɗi da Damagaram, kowa ya san Shawwal kusan ɗungurungum ɗinsa watan shagali ne. Makon farko na idi ne da hawa da yawon sallah. Kafin lallen da ke hannun mata ya dushe, katunan ɗaurin aure sun fara zagayawa, domin duk bikin da aka ɗage saboda azumi a nan ake sauke shi, Juma'a da Asabar da Lahadi babu fashi. A tsakani ga taron dangi, ga wasan sallah na mawaƙa da 'yan fim, ga dambe, ga masu kai yara gidan zu. Sai watan ya kusa ƙarewa gari yake komawa hayyacinsa, magidanta su fara lalube a aljihu.

Akwai masu ganin duk wannan hidima ɓarnar dukiya ce da shagala, akwai kuma masu cewa sau ɗaya ne a shekara, a bar mutane su sarara. Kowane ɓangare yana da hujja. Abin da na lura da shi shi ne, yawancin alherin wannan wata yana cikin abubuwan da ba su da tsada, yawancin cutarwarsa kuma tana cikin abin da muka ƙara wa kanmu don idon mutane. Kuma wanda ya ci moriyar shagalin ba lallai ba ne shi ke biyan kuɗinsa.

Abin da ake samu

Babbar ribar watan ita ce zumunci, kuma ba ƙaramar riba ba ce. Mai sayar da tumatir a Mile 12, da mai canji a Abuja, da mai gadi a Fatakwal, da ɗalibin da ke karatu a wata jiha, duk sukan ɗaure kaya a goman ƙarshe na azumi su nufo gida. Akwai tsohuwar da ba ta sa ɗanta a ido sai a wannan mako. Akwai matar auren da shekara take yi ba ta kwana gidan iyayenta ba sai da sallah. Waya ta sauƙaƙa gaisuwa, gaskiya ne, amma har gobe zumunta a ƙafa take. Wanda ya turo maka "barka da sallah" ta WhatsApp, saƙon da ya tura wa mutum ɗari biyu a lokaci guda, bai yi daidai da wanda ya tako ya durƙusa a zaurenka ba.

A irin wannan zuwa ne ake gane abin da waya take ɓoyewa. A nan za a ga kawu ya rame, a tambaya, a gano ciwo ne yake cinsa ya yi shiru. A nan za a ji 'yar marigayi yaya ta bar makaranta saboda kuɗin jarrabawa, a yi karo-karo a tsaye. 'Yan'uwan da rabon gado ya shiga tsakaninsu sukan haɗu dole a ɗakin uwa, kunya ta sa a gaisa, wani lokaci daga gaisuwar nan sulhu yake somawa. Iyalai da yawa yanzu sun mayar da abin tsari: rana ta uku ko ta huɗu ta sallah taron zuri'a ne, da asusu da ma'aji, ana tara abin da za a taimaki mai aurar da 'ya ko mai jinya. A ƙasar da mafi yawan mutane ba su da inshorar lafiya, ba su da fansho, wannan taro shi ne madogarar da ta rage musu. Yaro kuma a yawon sallah yake sanin wace ce gwaggo, wace ce inna, wane ne abokin wasansa, wane gida ne tushensu.

Sai ciyarwa. Tun kafin a tafi idi an fitar da zakkar fidda kai, mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum na gida, domin kada wani ya wayi gari ranar sallah tukunyarsa a kife. Da an sauko kuma kwanuka su fara yawo: tuwon shinkafa da miyar taushe, waina, funkaso, cincin da dubulan, daga wannan gida zuwa wancan. A Kaduna da Jos da unguwannin da aka cakuɗa, kwanon yakan tsallaka har gidan maƙwabci Kirista, shi ma ya rama a Kirsimeti. A garuruwan da suka sha rikici, wannan kwano yana yin aikin da taron zaman lafiya na otal ba ya yi.

Hawa kuwa sai wanda ya gani. A Kano, ranar sallah Sarki yakan fita zuwa filin idi na Ƙofar Mata, ya dawo a kan doki cikin tambura da kakaki da algaita. Washegari da yamma hawan Daushe, inda yake zuwa gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki, ya ratsa unguwannin cikin birni, a ƙare a Ƙofar Kudu, hakimai su yi ta zuwa jahi ɗaya bayan ɗaya. Rana ta uku hawan Nasarawa, da ziyarar gidan gwamnati da zagaya unguwannin wajen ganuwa, sannan a rufe da fita Ɗorayi ko Fanisau. Katsina tana da hawan Sarki a Ƙofar Soro, Zazzau da Haɗeja suna da hawan Bariki, Daura tana da hawan Magajiya. Ana danganta asalin na Kano da zamanin Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, kuma a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Abin da ya fi burge ni a hawa ba ado ba ne. Kallo ne da ba a sayen tikiti. Ɗan dako da attajiri a gefen titi ɗaya suke tsayawa, rana ɗaya take dukansu, su ɗaga hannu su yi jinjina, Sarki ya amsa. Yaron da bai taɓa buɗe littafin tarihi ba zai ga 'yan lifidi da 'yan sulke da 'yan bindiga da dogarai da idonsa, ya tambayi babansa wane ne Madaki, wane ne Makama, me ya sa wancan rawaninsa yake da kunne biyu. Kuma a al'ada, idan Sarki ya je gidan gwamnati ba gaisuwa kaɗai take kai shi ba. Yakan faɗi kukan talakawa a gaban gwamna, a bainar jama'a: ruwan sha, taki, tsadar abinci, tsaro. Ko an yi aiki da maganar ko ba a yi ba, an dai faɗa, kuma kowa ya ji.

Bayan kowane doki guda akwai sana'o'in da ba don hawa ba da tuni sun mutu. Baduku mai sirdi da kayan ƙawa, maƙeri mai linzami da likkafa, mai ɗinkin alkyabba, mai naɗin rawani, marinan Ƙofar Mata, 'yan kasuwar Kurmi, mai kiwon doki da mai kawo masa harawa, maroƙa da makaɗa, dukansu a wannan mako suke ganin kuɗin da za su ja zuwa Babbar Sallah.

Haka abin yake a sauran kasuwa. Kantin Kwari tun tsakiyar azumi ba masaka tsinke, 'yan sari daga Nijar da Chadi da Kamaru suna lodin shadda da atamfa da leshi. Tela yana kwana a shago. Mai kitso da mai lalle suna ba da layi. Mai wankin hula, mai takalma a Ƙofar Wambai, mai kaji, mai niƙa, mai ƙanƙara, ɗan A Daidaita Sahu, mai hoto a bakin gidan zu, kowa yana samun rabonsa. Da an shiga makonnin biki kuma sai kasuwar ta koma hannun masu hayar rumfa da kujeru, kafintoci masu gado da kujerun amarya, masu kwalliya, masu girkin taro. Da yawa daga cikin waɗannan mata ne da ke sana'a daga cikin gidajensu, suna tallar turaren wuta da humra da cincin ta Instagram. Akwai bazawarar da kuɗin makarantar 'ya'yanta na zango guda daga lallen Shawwal yake fitowa. Duk mai cewa a soke shagali gaba ɗaya, ya fara gaya mana inda za ta samo wannan kuɗi.

Nishaɗin kansa ma fa'ida ne, ba sai an nemo masa wani uzuri ba. Mutanen da suka yi wata guda suna azumi da tsayuwar dare, a shekarun nan kuma cikin zafin bazara, sun cancanci su yi dariya. Addini bai hana ba. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya bar 'yan mata suna waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, ya kuma bar ta ta kalli Habashawa suna wasa da masu. Ita ma ɗabi'ar tara aure a Shawwal tana da tushe, domin a cikinsa aka ɗaura auren Nana A'isha, a cikinsa ta tare. Ga yara kuwa, musamman na cikin lunguna inda ba filin wasa ko ɗaya, hawa Dutsen Dala, ko shiga gidan zu na Audu Bako a ga zaki da jimina, ko hawa lilo, shi ne fita ɗaya tilo da wasunsu suke samu a shekara.

Abin da ake rasawa

Kakanni sun riga sun yanke hukunci a kan illa ta farko da suka ce sallah takan wuce ta bar wawa da bashi. Sai dai a yau ba wawa kaɗai take bari da shi ba. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da yawa. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma mafi yawan magidanta ba ma albashin suke ɗauka ba. A ɗora wannan a kan mutumin da ke da mata da 'ya'ya shida, wanda azumi ya riga ya cinye abin da ya ajiye a sukari da gero da ƙanƙara. Kowane yaro yana jiran ɗinki da takalmi, uwargida tana jiran atamfa da mayafi, ga kaji, ga kayan miya, ga goron sallah na yaran maƙwabta, ga abin gaida surukai. Saurayi ma bai tsira ba, toshin sallah yana jiransa.

Da a nan aka tsaya, da da sauƙi. Kaya kala ɗaya ya isa sallah, haka aka taso. Amma yanzu akwai na idi, akwai na hawan Daushe, akwai na fita yawo, saboda wanda aka yi hoto da shi jiya aka sa a waya ba a maimaita shi yau. A gidan da ake da kishiyoyi, bambancin atamfa guda yakan ta da ƙurar da sai ta kai gaban iyaye, wani lokaci gaban Hisbah ko alƙali. Mutumin da aka matsa sai ya ci bashin ɗan kasuwa, ko ya karɓi kwasar adashi tun kafin lokacinsa, ko ya sayar da buhun da ya ajiye don damina, ko ya faɗa hannun manhajojin ba da rance na waya masu kuɗin ruwa da tona asiri. A shekarun nan da sallah take faɗowa a Maris ko Afrilu, bai gama numfasawa ba za a koma makaranta zango na uku, manomi kuma yana bukatar kuɗin taki da iri. Ɗinkin da aka sa kwana uku shi ne yakan cinye takin gona.

Sannan a shiga bukukuwa, inda abin ya fi muni. Aure a shari'a sadaki ne da waliyyi da shaidu da siga, sai walima gwargwadon hali. Al'ada ta ƙara lefe da kamu da sa lalle da wuni da gara, an kuma saba da su. Zamani ya zo ya ƙara dina da liyafar ƙawaye da ranar shigar Larabawa da ranar shigar ƙauyawa, kowace da zaurenta na haya, da mai kiɗa, da mai hoto, da ankonta. Mace ɗaya za ta iya samun gayyata huɗu a Shawwal, kowace da anko, kuma in ba ta yi ba an ce ba ta da kara. Uban amarya, wanda shi ke da kayan ɗaki da gara, yakan sayar da fili ko gona ya cika ɗakin da ba shi zai zauna ba. Ango ya tare da amarya da bashi a wuyansa, wata biyu ba a yi ba an fara jin kansu a kan kuɗin cefane. Samarin da ke kallo daga gefe kuma su ƙara ja da baya, su ce aure ba na talaka ba ne. Gwamnatin Kano ta aurar da mutum 1,800 da matansu a auren gata na Oktoban 2023, kuma yawan waɗanda suka nemi shiga ya isa ya nuna inda tsadar biki ta kai mutane. A 2025 hukumar tace finafinai ta jihar ta haramta bikin ranar ƙauyawa. Ban ga alamar doka za ta iya abin da iyaye suka kasa ba, domin in an hana wannan, gobe za a ƙirƙiro wani da sabon suna.

Wani zai ce ai kuɗin da magidanci ya kashe shi ne cinikin tela da mai lalle da aka yaba a sama. Haka ne. Amma akwai bambanci tsakanin kuɗin da ya fito daga rarar mai hali da wanda aka ciwo bashi. Na farko yana zagayawa ya amfani kowa. Na biyu yana faranta wa kasuwa rai mako biyu, ya hana gida sukuni wata biyar.

Akwai kuma waɗanda hutun bai taɓa zama hutu a gare su ba, kuma ba a cika lissafa su ba. Matar gida ta yi wata guda tana tsaye a kan murhu da azumi a bakinta. Daren sallah ba ta runtsawa: suya, tuƙin tuwo, kitson yara, guga. Da rana baƙi, da dare wanke-wanke. Maigida ya sa babbar riga ya tafi kallon hawa, ya dawo yana cewa sallar bana ta yi daɗi. Da ya tambaye ta, da ya ji wani labarin. Tela ma, da muke zagi kowace shekara a kan saɓa alkawari, yana da nasa laifin na karɓar abin da ya fi ƙarfinsa, amma mu ne muke kai masa yadi ana saura kwana biyar mu ce lallai sai ranar idi.

Illar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta yara. A yi wa yarinya 'yar shekara tara kwalliya, a goya mata ƙaninta, a haɗa ta da wasu ƙanana uku, a ce su tafi gidan gwaggo a ɗaya gefen gari, ba babba ko ɗaya. Su cika A Daidaita Sahu ɗaya su goma, wasu a tsaye, wasu a gefen direba. Duk wanda ya saurari gidajen rediyon Kano ko Kaduna a makon sallah ya san yadda cigiyar yara take yawa, ofisoshin 'yan sanda da na Hisbah da ƙofar gidan mai unguwa kuma sukan cika da yaran da ba su san sunan unguwarsu ba. Mafi yawa ana samunsu. Ba duka ba. Wasu kuma zafin Afrilu, wanda yakan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato, shi ke kai su wanka kududdufi ko dam, ba su iya ruwa ba. Ga 'yan mata masu tasowa da ake sakewa tun hantsi har bayan isha, a rana ɗaya da duk wani mai mugun nufi ya san an sake su. Goron sallah ma, da yake kyauta ce tsakanin yaro da danginsa, ya fara zama bara: gungun yara suna tare baƙo a titi suna "barka da sallah" har sai ya ba da wani abu.

Hanya ita ma tana cin nata rabon. Direban haya yana so ya yi sawu biyu a ranar da ya saba yin ɗaya, ya yi lodi fiye da ƙa'ida, ya yi gudu, ya yi tafiyar dare. A cikin gari kuma samari masu aron mota da babur suna wasan ganganci, musamman a rakiyar ango da kai amarya, wasu kuma suna kilisa da dawaki a kan kwalta cikin mutane. Gidaje nawa ne aka kafa rumfar biki aka ƙare da zaman makoki a ƙarƙashinta? Ga matafiya daga nesa kuma akwai abin da ya fi haɗarin mota. A ƙarshen Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin sallah a gida. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato kuwa akwai mutanen da garin da za su je yawon sallar ma babu shi, 'yan bindiga sun tashe shi.

Hawan da na yaba shi ma yana da nasa tabon. 'Yan daba sukan fake a cikin ayarin mahaya da makamai, su mayar da ranar ta ramuwar gayya tsakanin unguwa da unguwa, masu ƙwacen waya kuma su yi kasuwa a cikin cunkoso. Ana tattake mutane, doki yakan kubce, bindigar gargajiya takan fashe a hannun mai ita. Sai kuma siyasa. Bayan dambarwar sarautar Kano da ta ɓarke a Mayun 2024 tsakanin Muhammadu Sanusi II da Aminu Ado Bayero, 'yan sanda sun hana hawa a Babbar Sallar shekarar, suka sake hanawa a Ƙaramar Sallar 2025. Wato sallar farko bayan karramawar UNESCO, ba a cika wata huɗu ba, Kano ba ta yi hawa ba. A 2020 annobar korona ce ta hana, kowa ya fahimta. Wannan kuwa rigimar manya ce, amma baduku da mai harawa da mai sayar da ruwan leda su suka biya, su da yaran da aka ɗinka wa kaya ba inda za su je da su.

Sauran illolin kowa ya san su. Cikin da ya saba da azumi a ɗura masa nama da maiƙo da lemon kwalba a yini ɗaya, masu ciwon suga da hawan jini su ƙare a asibiti. Abincin biki da aka dafa tun asuba, ba wuta ba firji, a ci shi da daddare a kwana ana zawo. A toshe titin unguwa da rumfa, a kunna lasifika har tsakar dare, maƙwabci mai jinya ko ɗalibin da JAMB da WAEC suke gabansa su yi ta haƙuri. Liƙi da tattaka kuɗi a wajen rawa, wanda dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta tanadar wa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun. Ofisoshi kuma ranar da aka ce a koma aiki rabin kujeru babu kowa. Masallacin da ya cika maƙil a goman ƙarshe ya koma sahu ɗaya da asuba, azumin Sitta Shawwal ana ta ɗage shi daga wannan biki zuwa wancan har watan ya fita.

Akwai illa ɗaya da ba a gani a titi. Maraya da ɗan talaka da ɗan gudun hijira sun san ba su da shi duk shekara, amma ranar sallah ce ake nuna musu. A da iyakar abin da yaro zai gani kayan 'ya'yan maƙwabta ne, kuma sau da yawa maƙwabcin nan ya haɗa da shi a ɗinki. Yanzu waya tana kawo masa gidajen da bai taɓa shiga ba, kala bakwai, mota, zauren biki. Mu da muke ɗora hotunan ba mu yi nufin cin fuskar kowa ba, amma hakan bai rage masa zafin ba.

In aka ce in zaɓa, ina tare da watan. Garin da ba a zuwa gaida tsofaffi, ba a rabon tuwo, ba a hawa, ba a kai yara ko'ina, ba na fatan zama a cikinsa, kuma ba na jin talauci zai ragu don an daina murna. Amma ziyara da kwanon tuwo da kallon hawa da ɗaurin aure a masallaci ba su ne suke jefa mutane a bashi ba. Kala na uku da anko na huɗu da dina su ne, kuma ba malami ko sarki ko gwamna da ya wajabta su.

Hukuma tana da nata aikin: a bar hawa ya gudana, a kama ɗan daba tun kafin ranar, a sa jami'an kiyaye haɗura a hanya da dare ba da rana kaɗai ba, a ƙayyade yawan mutanen da ake tarawa a gidan zu da wuraren wasa. Masu hali su tuna da 'ya'yan maƙwabta tun ranar da za su shiga Kwari, ba ranar idi da naira ɗari biyu ba. Iyayen amare da na angwaye su zauna tun kafin a sa rana su yanke taro nawa za a yi, su kuma tsaya a kai ko ƙawayen amarya sun yi fushi. Kai kuma maigida, kada yaro ya fita yawon sallah sai da babba a tare da shi, kuma ko da babban, ka rubuta sunan unguwarku da lambar wayarka a takarda ka sa masa a aljihu.